Kakana Bai Taɓa Yi wa Kowa Duba Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana na wajen uwa ya rasu wata Talata da hantsi, a kan kujerarsa ta roba, a gidansa da ke Tungan Maje, da fensir maƙale a bayan kunnensa. Ni na kai masa kunu. Na yi ta zuba ni kaɗai kusan minti biyar kafin in lura bai katse ni ba ko sau ɗaya. A nan na san ba lafiya.

Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar gidan ya cika har kajinmu suka yi hijira zuwa maƙwabta. Aikina a ranar shi ne raba ruwa, kuma duk wadda ta taɓa raba ruwa a gidan makoki ta san ba mai rage murya don ta zo wucewa. Saboda haka na ji komai.

Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga cikin gari a motoci masu sanyi, suna ta cewa Malam ya koya musu fiziks da murfin tukunya da igiyar guga, ba za a sake irinsa ba. Mai shagon bakin titi, wani Bakano, ya ce, "Mutumin kirki, wallahi. Sai dai wannan harka tasa..." Ya bar maganar a rataye, ya kurɓi ruwa. A cikin gida kuma wasu mata biyu sun haɗa kai.

"An ce har ranar tafiyarsa ya gani a takarda."

"Ai dole. Ba ki leƙa ɗakin ba? Ja da shuɗi har rufi."

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Gbagyi mai noman doya, ita ta fi kowa kuka, har da mu dangin jini. "Baba ya tafi! Yanzu in akuya na ya ɓata, wa zai gani mini shi?"

Da liman ya zo addu'a a ƙofar gida, ya ce Allah Ya yafe masa abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Kowane mamaci ana yi masa wannan addu'a. Amma a kan rabi na biyu liman ya ja murya, amin ɗin da ta biyo baya kuma ta fi sauran ƙarfi. Ina tsaye da kofuna ina kallon Kawu, babban ɗan marigayin. Ya sunkuyar da kai.

Da mutane suka ragu, ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗakin Kakana, ya kira Umma.

"Ranar addu'ar bakwai za a kwashe takardun nan a ƙona. Duka."

"Yaya, aikinsa ne fa na shekara da shekaru."

"Na sani. Ni ban ce mahaifina boka ba ne. Gari ne ya ce, kuma muddin takardun nan suna nan gari ba zai daina ba. Ba zan zauna ana yi masa addu'a ana ƙifta ido ba."

Ya ja ƙofar, ya danna kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu.

Kwana shida ke nan suka rage wa takardun. Abin da Kawu bai sani ba, Umma ma ba ta sani ba, shi ne ba gari ne ya ƙirƙiri maganar ba. Ni na ƙirƙire ta, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, a layin ɗiban ruwa na bohol. Yanzu shekaruna sha shida. Amma kafin in zo ga ƙaryata, bari in faɗi abin da mutumin nan yake yi da gaske, tunda an daɗe ba a faɗa ba.

Kakana malamin sakandare ne, Bazazzage, aiki ya kawo shi Abuja tun ana sare dajinta. Da ya yi ritaya, sa'o'insa suka kama kiwon kifi da zaman majalisa, shi kuwa ya kama biranen taurari. Haka yake kiran abin da littafinmu na makaranta ya kira galaksi: taron taurari da ba su ƙidayuwa, a can nesa, har wasu haskensu ya kamo hanya tun kafin a yi wannan ƙasa da muke takawa. Wata tsohuwar ɗalibarsa da take bincike a ƙasar waje ce take turo masa taswirorinsu ta kwamfuta. Shi kuma ba ya yarda da abin da ba zai iya dangwala wa fensir ba, sai ya hau mota zuwa Zuba a buga masa su a takarda, da launinsu. Biro kuwa ba ya taɓawa. Yakan ce biro na waɗanda ba sa kuskure ne.

Mutane sun ɗauka kwana yake yana kallon sama. Wallahi tsohon nan ana sallame isha yake faɗawa gidan sauro, kafin a wanke kwanonin tuwo ya fara minshari mai kaɗa rufin kwano. Duk taurarinsa da rana tsaka yake kallonsu, a kan tabarma, ta cikin tabarau mai ɗaurin zare.

Tun rasuwar Kakata aka kawo ni gidan daga Lugbe, wai in riƙa ɗebe masa kewa. Rediyo yake kirana, don ya ce tun da aka kunna ni ba a gano inda ake kashewa ba. Ni kuma ina ce masa Tsoho. Da yake ba shi da sauran aji, ni na zama ajin.

Ba kowane birni yake so ba, sai waɗanda suka daina haihuwa.

"Rediyo, tauraro daga iska mai sanyi ake yinsa. Ta taru, ta dunƙule, ta kama wuta. In iskar birni ta ƙare, ko ta yi zafin da ba za ta dunƙule ba, shi ke nan, babu sabon tauraro, sai tsofaffi. Masana sukan ce birnin ya mutu. Ni ban yarda ba. Kakarki ta daina haihuwa da shekara talatin kafin ta daina zagaya gidan nan tana neman wanda ya taɓa mata ashana."

Tambayarsa guda ce tak: tsofaffin taurarin nan, yaya suke tafiya a cikin birninsu?

Ja da shuɗin da suka tsorata gari, a bakin titin Lugbe ya koya mini su. Mun je gaida Umma, ya tsayar da ni a rana kamar wadda ta yi laifi, ya ce in rufe ido in saurari hon ɗin motocin da suke sheƙa gudu zuwa filin jirgi. In mota tana tahowa sautin siriri ne, da ta wuce sai ya yi kauri. Ya ce haske ma haka yake: abin da yake nufo mu haskensa yakan karkata zuwa shuɗi, wanda yake barinmu ya karkata zuwa ja. A kan wannan ake shafa wa taswira launi. Da muka koma gida ya ɗauki faifai, ya ɗaga shi daidai hancina ta gefe, ya juya shi a hankali. Baki ɗaya yana tahowa wajena, ɗayan yana tafiya. In ka ga birni rabi shuɗi rabi ja, to haka yake juyawa, taurarinsa duk sun bi hanya ɗaya.

Waɗanda launinsu ya dagule ba tsari kuwa, sai da ya kai ni har tashar Jabi. Muka tsaya a gefe, ga masu kaya a ka, ga masu baro, ga motoci suna shiga ta ƙofar fita.

"Akwai wanda yake tsaye wuri ɗaya a nan?"

"Babu, sai mu."

"To tashar juyawa take?"

"A'a."

"Kin gani. Kowane tauraro gudu yake, amma kowa da tasa hanya. Yawancin masu irin wannan tafiya manyan birane ne, waɗanda suka haɗiye maƙwabtansu ɗaya bayan ɗaya. Kowane baƙo ya shigo da hanyar garinsu, sai juyin ya watse."

"Kamar Abuja ke nan."

"Kamar Abuja. Kowa da tuƙin garinsu."

Wani kwandasta da ya gaji da ganinmu ya leƙo. "Oga, shiga za ku yi ko lacca?"

"Lacca," in ji Kakana, bai ko waiwaya ba.

Aikinsa ke nan. Ya ɗauki takarda, ya ƙura mata ido har kunu ya huce, ya rubuta dalilinsa a bayanta, ya jefa ta a kwalin masu juyi ko kwalin marasa juyi, ya aika wa ɗalibarsa abin da ya gani. Ya ce tunda ba wanda ya rubuta tarihin biranen nan, tafiyar taurarinsu ce kaɗai ta rage da za a tambaya.

Yanzu ga tawa gudummawar.

A layin bohol 'yan mata suka kama gasar kakanni. Ɗaya ta ce nata ya je Makka sau uku. Ɗaya ta ce nata yana da tirela. Ni me zan ce? Nawa yana da kwali? Sai kawai na ji bakina ya ce, "Nawa yana da taswirar kowa a garin nan. Shuɗi aure, ja tafiya." Aka yi mini dariya. Washegari na sato takarda ɗaya a cikin hijabi, rabi shuɗi rabi ja, na ce ta malamarmu ta lissafi ce: za ta yi aure ta bar gari. Duk makaranta an san an riga an sa mata rana, an kuma san angon a Gwagwalada yake. Amma da aka yi bikin bayan wata biyu ba wanda ya tuna da wannan. Takarda aka tuna.

Daga nan magana ta fita daga hannuna. Ta shiga gidajen 'yan matan, ta fito ta bakin iyayensu da ƙarin kitse. Sai kuma akuyar maƙwabciya ta ɓata. Ta shigo da sassafe da kaza a hammata.

"Baba, ka duba mini takarda. Akuya na kwana uku bai dawo ba."

"Mama, ni ban san inda akuyarki take ba. Amma zauna in nuna miki abin da takardar take cewa."

Ya shimfiɗa mata tabarma, ya aike ni faifai, ya yi mata bayani tun hantsi har aka kira azahar. Baiwar Allah ta yi ta gyaɗa kai, kazar ma har ta yi barci. Da ta koma gida sai ga akuya a ƙofa tana cin ɓawon doya. Duk karatun nan abu ɗaya ta riƙe: ta je wurin Baba, akuya ta dawo.

Kazar kuwa ya ƙi karɓa, ita ta ƙi ɗauka. Da suka gaji ya ce to ajiya ce. Shekara huɗu, duk ƙwan da kazar nan da 'ya'yanta suka saka, ni nake kai mata a kwano ranar Asabar. Wata damina mijin maƙwabciyar ya kwanta ciwo, gona ta zauna, sai ƙwan ajiya ya fara yawa ta hanyar da kaji ba za su iya ba ko da sun yi aikin kwana. Na bi sawu. Na kama Tsoho a bayan ɗaki da ƙwan shagon Bakano, yana shafa musu ƙasa ɗaya bayan ɗaya don su yi kama da na gida.

"Rediyo, wannan labarin ba na watsawa ba ne."

Shi kaɗai ne labarin da na taɓa riƙewa a rayuwata, sai yau.

Rigimarsu da Kawu wata Juma'a ce aka yi ta. Kawu ya zo daga cikin gari, ya yi salla a masallacinmu, ya ji abin da ya ji, ya shigo ko takalmi bai gama cirewa ba. Ina bayan labule.

"Baba, ana maganarka a masallaci."

"Madalla. Me suka ce game da marasa juyi?"

"Ba wasa nake ba, Baba. An ce kana duba."

"Kai ka taɓa ganin na yi?"

"Ban gani ba. Amma ka tashi a gaban jama'a ka faɗa musu da bakinka. Ko kuma ka daina tara takardun nan."

"In tashi in rantse ban yi abin da ban yi ba? Gobe a ce ina tashi sama kamar jemage, in sake tashi in rantse?"

"Wannan girman kai ne, Baba."

Kakana ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Babban mutum, ka gaida gida."

Wata huɗu ba su yi magana ba, sai gaisuwa ta bakin Umma. Tunda na yi niyyar faɗin gaskiya, bari in faɗe ta duka: Kawu yana da hujja. Tsoho yana da taurin kai irin na ƙofar da ta sha ruwan sama. Minti biyu a masallaci da sun kashe maganar, ya ƙi.

A yammacin wannan Juma'ar ya kira ni.

"Rediyo, akwai wata takardata da ta taɓa fita yawo ta dawo da manja a gefe. Ina ta je?"

"Ni ina zan sani, Tsoho? Ƙila ɓera."

"Ɓera mai cin awara."

"Ɓerayen yanzu ba abin da ba sa ci."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe. "To ki gaya wa ɓeran ni ba zan tona shi ba. Ranar da ya shirya, ya fito da ƙafarsa."

Bai sake tayar da maganar ba. Ni kuma na yi ta ɗaga ranar: sai bayan jarrabawa, sai bayan salla, sai na ƙara tsawo. Na ɗauka tsofaffi irinsa ba sa zuwa ko'ina.

A cikin kwana shidan nan sau uku ina zama kusa da Umma in buɗe baki, sau uku ina tambayarta ko a ɗora ruwan zafi. Na gwada kwaɗon Kawu da cokali, da ƙusa, da addu'a. Kwaɗon ya fi ni imani.

Ranar bakwai, a gidanmu, ta jikoki ce. In tsoho ya rasu da shekarunsa, jikokinsa sukan sa kayansa su kwaikwaye shi a tsakar gida, mata su yi dariya su share hawaye, kuma ba mai ikon tsawata musu, ko da babban ɗa ne. Umma ta riga ta fito da tufafinsa don rabawa. Na zura kaftaninsa mai ruwan toka, ya sauko mini har ƙasa. Na kifa hula, na maƙala tabarau da fensir, na ɗauki faifai, na fito ina jan ƙafar hagu ina gyaran murya.

Tsakar gida ta ɗauki ihu. Wata goggo ta faɗi a jikin wata. Umma ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ba ko kuka.

Daidai nan aka gama addu'a a waje. Kawu ya shigo, ya buɗe kwaɗo, ya fito rungume da kwali zai wuce bayan gida, inda ya riga ya ajiye kananzir.

"Kai, babban mutum. Ajiye mini kayana."

Ban san muryar za ta fito haka ba. Kawu ya tsaya cak kamar an ja masa birki. Mata suka sake fashewa. Ya dube ni, ya dubi iyayensa mata da suka cika wurin, ya ga ba hanya, ya dire kwalin.

Na zaro takarda, na ɗaga, na yi musu karatun Tsoho: hon ɗin mota, faifai, tasha. Na zaro wata mai ja da shuɗi a tsakiya, shuɗi da ja a baki.

"Wannan kuwa cikinsa dama yake juyawa, bayansa hagu. Wani ƙaramin birni ya haɗiye, har yau abin bai gama narkewa ba."

"Kamar maigidana da ɗanwake," in ji wata daga baya. Aka yi dariya har da tafi.

Na bari dariyar ta lafa. Na juya ina kallon wani wuri da ba kowa, kusa da randa, na leƙa ta saman tabarau.

"Rediyo. Zo nan. Wa ya ce wa 'yan bohol ina da taswirar kowa a garin nan?"

Na cire hular, na matsa kusa da randa, na amsa da muryata. "Ni ce, Tsoho."

Na mayar da hula. "Wa ya saci takardata ya ce ta malamar lissafi ce?"

Na cire. "Ni ce."

"Na taɓa gaya wa wani aurensa, ko tafiyarsa, ko ranar mutuwarsa?"

"Ba ka taɓa ba. Ni na ƙirƙira, don a ce kakana ya fi na kowa."

Wasu sun ci gaba da dariya kaɗan, suna jiran inda wasan zai ɓulle. Da suka ga ban mayar da hular ba sai wurin ya yi shiru, irin shirun da ake jin tafasar tukunya a gida na uku. Takalmin Umma ya riga maganarta isowa. Ya same ni a kafaɗa, kuma ban kauce ba, wanda shi ma tarihi ne.

Maƙwabciya ta miƙe tsaye. "To akuya na fa?"

"Mama, yunwa ce ta dawo da ita."

"Ƙarya ne! Baba ya gani! Yarinya bai san komai ba!"

Kawu ya sunkuya ya ɗauki kwalin, ya juya ya nufi ɗakin. A bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ke, biyo ni. Cire rigar ubana tukuna."

Bai zauna a kujerar roba ba, a ƙasa ya zauna.

"Wata huɗu ban yi magana da mahaifina ba. Saboda layin bohol."

Na laluba ko'ina a kaina, ban sami abin dariya ko ɗaya ba.

"Ya sani?"

"Ya sani, Kawu."

"Bai faɗa ba."

"Bai faɗa ba."

Ya miƙa ƙafa, sai ta bugi wani abu a ƙarƙashin gado. Ya jawo. Kwali ne na uku, wanda ya fi biyun nan cika, har ya tsage a gefe. Ya zaro takarda, ya juya bayanta. Babu dogon rubutu irin na sauran, alamar tambaya ce kawai da fensir. Ya zaro wata, haka. Wata, haka.

"Waɗannan fa?"

Na ɗauki faifai, na fuskantar da cikinsa gare shi sosai, na juya. "In birni ya ba mu fuska haka, Kawu, ba bakin da yake tahowa, ba wanda yake tafiya. Ko yana juyi ba za a ga ja da shuɗi ba. Sai ya yi kama da wanda ba ya juyi. Wasu kuma sun yi nisa, hoton ya dushe. Waɗannan su ne ya kasa rabawa."

Kawu ya bi alamar tambayar da ɗan yatsa, a hankali, don kada fensirin ya goge.

"Boka ba ya tara kwalin abin da bai sani ba," ya ce, kamar da takardar yake magana. Ya mayar da ita, ya gyara bakin kwalin, ya tura shi inda yake. Sannan ya dube ni, karo na farko a ranar.

"Takarda ba ta yi wa ubana ƙarya ba. Ke kika yi. Kananzir a kai kicin. Ke kuma gida-gida za ki bi, ki yi sallama, ki faɗa musu abin da kika faɗa a nan. Ba hula, ba tabarau."

Shi da kansa ya rubuta mini jerin gidajen, da biro. Kwana tara ina yi, kullum bayan an tashi makaranta. Bakano ya ce shi dama bai taɓa yarda ba ko na minti ɗaya. Matan nan biyu suka ce Allah Ya shirye ni, suka tambaya ko dai a gida aka sa ni. Liman ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai yi magana bayan sallar Juma'a, kuma an ce mini ya yi. Wata tsohuwa ta ba ni gyaɗa ta ce in dawo gobe in ƙarasa mata labarin birnin da ya haɗiye ɗan'uwansa. Maƙwabciya har yau tana kan bakanta, na kuma daina ja da ita, don ita ce kaɗai a garin da ƙaryata ta sa ta ƙara ƙaunarsa.

Kwalayen uku suna nan. Na soke sunan kowane gida da ke jerin Kawu, na mayar masa da takardarsa. Mutum ɗaya ne ya fi kowa cancantar in tsaya a gabansa in ce ni ce, shi kuwa ba ya cikin jerin. Shekara biyar katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da nasa.

Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa aljanna ce gidansa. Ku roƙa masa gafara kamar yadda ake roƙa wa kowane malamin makaranta. In addu'ar ta yi saura, ku sa ni a ciki.